Darasi na Farko: Sanin Allon Arduino Uno

Arduino Uno ƙaramin allon lantarki ne da ake ba umarni daga kwamfuta domin ya sarrafa abubuwa kamar fitilu. Ɗauki allon ka riƙe shi ta gefe, kada yatsunka su taɓa ƙarafan da ke bayansa. Bai kai tafin hannu girma ba. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka fara ƙera Arduino a shekarar 2005, domin ɗaliban da ba su karanci injiniyanci ba. Don haka ka kwantar da hankalinka, saboda masu koyo irinka aka yi shi.

Dubi baƙar abar nan mai ƙafafu da yawa. Ita ce ƙwaƙwalwar allon, sunanta ATmega328P. Umarni ɗaya ake loda mata, ta yi ta maimaita shi muddin akwai wuta. Ko an zare wutar, umarnin yana nan a cikinta. Maɓallin da ke kusurwa, mai rubutun RESET, ba ya goge komai. Sa ta yake ta sake aikin daga farko.

Wuta tana shiga ta kebul na USB daga kwamfuta, bolt 5 (bolt ma'aunin ƙarfin wuta ne). Akwai kuma baƙin rami mai zagaye na batir ko caja, daga bolt 7 zuwa 12. Da zarar wuta ta shiga, ƙaramar fitila mai rubutun ON za ta kama.

Yanzu sai ramukan da ke jere a gefe, inda ake soka wayoyi. A nan nake so ka daɗe, domin nan ne masu koyo suka fi ƙona allo. Layi ɗaya yana da lamba 0 zuwa 13. Waɗannan abu biyu kawai suka sani: akwai wuta, ko babu. Shida daga cikinsu, wato 3, 5, 6, 9, 10 da 11, suna da alamar ~, kuma da su ake rage hasken fitila ko a ƙara shi. Lamba 0 da 1 kuwa ka bar su tukuna, ta nan allon yake magana da kwamfuta. A ɗaya gefen akwai A0 zuwa A5, masu karanta abin da ke hawa da sauka kamar zafi ko haske, su mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Duk inda ka ga GND, nan ne wuta take komawa. Kada ka taɓa haɗa ramin 5V, mai ba da wuta bolt 5, da GND da waya kai tsaye.

Rami ɗaya bai kamata ya ba da wutar da ta wuce miliamfa 20 ba (miliamfa ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne). Wannan ya ishi ƙaramar fitilar da ake kira LED, amma injin da ke juyawa ya fi ƙarfinsa. Ita ma fitilar sai an sa mata rezista, wato ɗan abin da ke rage yawan wuta, mai om 220 (om shi ne ma'auninsa), doguwar ƙafar fitilar ta nufi ramin lamba, gajerar ta nufi GND.

Aikin yau: saka manhajar Arduino IDE, wadda da ita ake rubuta umarni a loda wa allon, a kwamfuta, jona allon, ka buɗe misalin da ake kira Blink ka loda shi. Fitilun TX da RX za su yi ƙyafta-ƙyafta na ɗan lokaci, sannan fitilar L, wadda ke haɗe da rami na 13, ta riƙa kamawa daƙiƙa ɗaya, ta mutu daƙiƙa ɗaya. Nemo lamba 1000 a cikin rubutun, wurare biyu take. Mayar da ita 200, ka sake lodawa, ka rubuta a littafinka abin da ya canza.