Kafin hunturu ya shigo, sa wa ƙaramar motarka robar tare tsakuwa

Sabon zuwa Kanada, Ingila ko arewacin Amurka da ya sayi mota ƙirar tsere ya kamata ya san cewa tsakuwa da gishiri sun fi rana ɓata fenti a waɗannan ƙasashe. Da zarar sanyi ya kankama, hukumomi kan watsa gishiri a kan tituna don kada ƙanƙara ta daskare, kuma saboda ƙarfin gishirin yana raguwa idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, a wurare da dama ana haɗa shi da yashi ko tsakuwa.

Irin wannan mota tana kusa da ƙasa, tayoyinta kuma faffaɗa ne masu danƙo, don haka duk abin da suka taka sai su watsa shi a gindin ƙofa da gefen baya. Ka tsuguna ka shafa wurin da ke bayan tayar gaba, za ka ji ƙananan ramuka kamar tabon ƙuraje. Ta nan ruwan gishiri yake kaiwa ga ƙarfe, tsatsa ta fara ci ta ƙarƙashin fenti.

Maganin shi ne robar da ake maƙalawa a bayan taya. Ka nemi wadda aka ƙera wa samfurin motarka, domin yawanci tana hawa kan notunan da ke jikin motar tun asali, ba sai an huda komai ba. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe don samun wurin aiki a gaba. Na baya kuwa wani lokaci sai an cire taya, kuma kada a dogara da jak shi kaɗai. Abin da mutane suka fi yin sakaci da shi, a ganina, shi ne wanke wurin ya bushe sarai, sannan a manna siririyar ledar kare fenti inda robar za ta taɓa, in ba haka ba ƙasar da ta maƙale tsakani ita ce za ta goge fentin.

Gajeriyar roba ta fi dacewa, domin doguwa za ta riƙa kartar tudun rage gudu. Idan motar ta haya ce ta dogon lokaci, ka duba takardar yarjejeniya kafin ka ƙara mata wani abu.