Kurakuran da baƙi ke tafkawa wajen neman abokin rawa a Biyena

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Biyena, babban birnin Ostiriya, da wuya sanyi ya wuce ba a gayyace shi bikin rawa ba, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu ana yin sama da 400. Abin da ke ci min rai, mutum ya kashe kuɗin tikiti da hayar kwat amma wajen neman abokiyar rawa sai ya kwafsa.

Gaggawa ce ke fara kada mutane. A Opernball, babban bikin rawa na gidan opera na birnin, wanda ake yi ranar Alhamis ɗin ƙarshe kafin azumin Kirista, 'yan mata masu fararen riguna da samarinsu ne ke buɗe fili, kai dai ka tsaya gefe sai an ce "Alles Walzer", wato kowa ya shigo. Ke ma 'yar uwa kar ki sa farar riga, ranar tasu ce.

Na taɓa ganin wani ya miƙa hannu kawai ya jawo yarinya daga kujera ba ko gaisuwa, ta yi turus, wanda ya rako ta har ya miƙe tsaye, wallahi ni da ke gefe sai da kunya ta kama ni. Gyaran ba wuya, ka ɗan rusuna, in tana tare da wani ka gaishe shi tukun, sannan ka ce mata "Darf ich bitten?", kamar dai ka ce ko za ki ba ni dama.

Mace na da ikon cewa a'a. Amma in kin ce kin gaji to ki zauna har kiɗan ya ƙare, ki ƙi wannan ki tashi da wancan a kiɗa ɗaya cin fuska ne babba. A ƙarni na 19 ma a rubuce ake yi, kowace mace da ɗan littafinta da fensir, namiji ya sa sunansa gaban rawar da aka yi masa alkawari, kyautar Damenspende da ake ba mata a ƙofa yanzu daga nan ta samo asali.

In aka sanar da Damenwahl mata ne ke zaɓa, kuma namiji ba ya noƙewa. Rawar layi ta sha biyun dare kuwa ka nemi abokiyarka tun da wuri, fili cika yake. In kiɗa ya tsaya kar ka bar ta tsakar fili, ka rako ta har kujerarta ka yi godiya.