Tsohuwar Manhaja: A Ci Gaba Da Gyara Ko A Sake Rubutawa?

Duk mai rubuta manhaja da ya gaji aikin wani, abin da ke fara zo masa a rai shi ne a rushe a sake gini, domin karanta abin da wani ya rubuta ya fi rubuta naka wuya. Kafin a amince da wannan shawara, sai a zauna a tantance abin da ya lalace takamaimai, domin munin tsarin rubutu kaɗai bai kai dalili ba. A ɗauko tarihin gyare-gyaren shekara guda, a duba fayilolin da aka fi taɓawa, da kwanakin da ƙaramin canji yake ci kafin ya isa hannun masu amfani da manhajar. Sau da yawa za a tarar cewa ciwon yana cikin sassa biyu ko uku ne, sauran kuwa suna aikinsu lafiya.

Daga nan sai a ƙiyasta abin da za a rasa. Da tsohuwar zuma ake magani: layuka ukun nan masu ban haushi da ke duba ko watan Fabrairu ya kai kwana 29, ko waɗanda ke jinkirta aika saƙo na daƙiƙa biyu, wani ne ya sha wahala da tsakar dare kafin ya sa su, kuma galibi babu takardar da ta bayyana dalilinsu. Sabon rubutu zai sake faɗawa waɗannan ramukan ɗaya bayan ɗaya. Kamfanin Netscape ya ɗanɗana wannan, domin ya yanke shawarar sake rubuta burauzarsa daga tushe a 1998, amma Netscape 6 bai fito ba sai a ƙarshen 2000, alhali Internet Explorer, burauzar kamfanin Microsoft, ya riga ya kwashe kasuwa.

Akwai lokacin da sauyi yake zama dole, wato idan harsashin da manhajar ke kai ya mutu. An daina tallafa wa Python 2, wani harshen rubuta manhaja, ranar 1 ga Janairun 2020, saboda haka duk ɓarakar tsaro da aka gano bayan nan, nauyin toshe ta yana kan mai manhajar. Haka ma idan masu fahimtar harshen da aka rubuta manhajar da shi suna ƙarewa, kamar yadda jihar New Jersey ta Amurka ta shiga neman masana COBOL, wani tsohon harshen rubuta manhaja, a 2020, lokacin da buƙatun tallafin marasa aiki suka yi wa tsarinta yawa.

Ko a irin wannan hali, ban ga hikimar maye gurbin komai a rana ɗaya ba. A fara rubuta gwaje-gwajen da za su kama halayen manhajar yadda take a yau, har da kurakuranta, tunda wasu sun riga sun dogara da su. Sannan a bi dabarar da masanin tsara manhaja Martin Fowler ya kwatanta da wani irin ɓaure da ke tsirowa a jikin wata bishiya har ya rufe ta: a sa wata ƙofa a gaban tsohuwar manhajar wadda duk buƙatu za su bi, a sake rubuta sashe guda, a karkatar da buƙatunsa zuwa sabon. Na ɗan lokaci a bar tsoho da sabo su yi aiki tare ana kwatanta sakamakonsu, kuma kada a kashe tsohon sashen sai an ga lissafin ƙarshen wata ya zo daidai a ɓangarorin biyu.