Ga masu fara buga gem ɗin kokawa na WWE

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙannenmu da ke zuwa gidan gem a ƙauyukan Ringim da Taura, ga shawara a kan WWE 2K24 na PS4.

Kada ka fara da haddar duka. Fara koyon kare kai. Maɓallin alwatika shi ne na mayar da hari, kuma lokaci ake bi: alamarsa na fitowa a kan ɗan wasanka, danna sau ɗaya. In ka yi ta dannawa barkatai, damar ta wuce, sai ka sha ƙasa. Wanda ya iya wannan kaɗai zai wahalar da kowa a shagon.

Murabba'i duka ne mara nauyi, X mai nauyi, da'ira kuma kamu. Sa wasan a mataki mafi sauƙi, mutum ɗaya da ɗaya, ka riƙe ɗan kokawa guda, ko Roman Reigns ko Cody Rhodes, har hannunka ya saba. Wasan tsani da na keji su jira tukuna.

Kafin ka biya, tambayi mai shago ko da mai a janareta.

Don Allah kada yara su gwada waɗannan kayen a kan juna, ana karya wuya.