Tsohon kwaɗo marar suna: kar ka kankare shi

Jama'a, in ka tsinci tsohon kwaɗon kulle ƙofa a wuraren haƙar kuza na Bukuru ko gefen tsohon layin dogo, kar ka sa masa samfefa ko ruwan batir.

Shiga ɗaki mai duhu, ka haska shi da tocilar waya daga gefe, ƙasa-ƙasa. Kar ka haska daga sama.

Yawancinsu suna da tambari, tsatsa da datti ne suka cike shi. Hasken gefe yana sa inuwa a cikin ramin rubutun, sai haruffan su fito. Samfefa kuwa tare da tsatsar take cinye su.

Duba jikin hannun da ke shiga, da ƙarƙashin murfin ramin makulli. Nan ake yawan buga lamba. In ka ga "Rd" da lambobi, rajistar fasalin kaya ce ta Ingila da aka fara a 1884, ana iya gano shekarar da ita.

Ka kuma gwada maganaɗisu. Bai kama ba? Mai yiwuwa tagulla ce, rubutunta ya fi daɗewa. Kananzir kaɗan da tsohon buroshin haƙori sun ishe ka.

Dabarar hasken ba ta aiki in tsatsa ta riga ta ɓare ƙarfen, ko kwaɗon aikin maƙeri ne na gida. Shi dama ba a buga masa komai.

Wani abu: in wurin tarihi ne, ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka taɓa. Kai wa Gidan Tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, su duba. Kar ka yi saurin sayar wa 'yan gwangwan a kilo.