Yadda Ake Gane Hayaƙin da Kasuwa Za Ta Magance da Wanda Sai Hukuma Ta Sa Hannu

A majalisun Sakkwato, idan maganar gurɓacewar iska ta taso, wani kan ce a bar mutane su nemi abincinsu domin farashi zai gyara kome, wani kuma ya ce sai gwamnati ta kafa doka mai tsanani. Gardamar ba ta ƙarewa ne saboda ana zuba hayaƙi iri-iri a ƙwarya guda. Mai unguwa, ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, ko duk wanda tarin yaransa ya dame shi, zai fi cin riba idan ya bi kowane hayaƙi zuwa tushensa kafin ya yanke shawarar inda zai kai kuka.

Da farko ka ware ƙurar hunturu gefe guda. Iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu ce ke kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, kuma babu doka ko ciniki da zai tare ta. Saboda haka ka yi lissafinka a kan abin da hannun mutum ke kunnawa: janareta, baburan kabu-kabu, icce da gawayi, juji da ake cinna wa wuta da magariba, da tayoyin da wasu mahauta ke babbaka da su.

Kowane ɗaya daga cikinsu ka yi masa tambaya guda: wa ke biyan kuɗin wannan hayaƙi? Idan mai yin sa ne ke jin zafin a aljihunsa, kasuwa tana iya aiki. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, masu shaguna da yawa sun rage kunna janareta, wasu suka koma sola, ba tare da wani jami'i ya tilasta musu ba. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, domin kasuwar nan ce dai ta mayar da gidaje da dama kan gawayi lokacin da gas ɗin girki ya yi tsada. Farashi yana bin abin da ya fi araha ne, ko ya tsabtace iska ko ya ƙara ɓata ta.

Idan kuwa maƙwabci ne ke biya da huhunsa, alhali mai hayaƙin bai rasa ko sisi ba, to zancen ya koma hannun hukuma, kuma hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa ya isa hujja a garin Shehu. Dalmar da a da ake zubawa a man fetur misali ce mai kyau: direba ba ya ganin ta, ba ya jin warinta, don haka babu dalilin da zai sa ya guje ta da kansa, sai da ƙasashe suka haramta ta ɗaya bayan ɗaya har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Haka birnin Landan, bayan hazon hayaƙin kwal ya kashe dubban mutane a Disambar 1952, dokar tsabtace iska ta 1956 ce ta fara sauya al'amarin.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda masu son doka kan manta, wato ko za a iya aiwatar da ita. A 1990 Amurka ta ƙayyade yawan hayaƙin farar wuta da tashoshin lantarki za su fitar, ta kuma bar su su sayar wa juna takardun izinin fitar da shi, kuma tsarin ya yi nasara domin tashoshin ƙirgaggu ne, akwai na'urar awo a bututun kowace. Ba za a yi wa dubban murahu da babura haka ba. A irin wannan, dokar da ta fi tasiri ita ce wadda ke tsare ingancin mai tun daga matata da tashar jiragen ruwa. Hana ƙona juji kuwa aikin banza ne muddin motar kwashe shara ba ta shiga unguwa.

Idan ka tabbatar lamarin na hukuma ne, ka rubuta ranaku da lokutan da hayaƙin ke tashi na mako biyu ko uku, ka ɗauki hoto, ka samu sa hannun maƙwabta. Na babbar masana'anta ka kai ma'aikatar muhalli ta jiha ko NESREA, hukumar tarayya mai aiwatar da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007. Na mahauta kuwa ka fara da Sarkin Fawa ta hannun mai unguwa, kuma ka tafi da lissafin abin da babbaka da gas za ta ci, domin ita ce tambayar farko da zai yi maka.