Yadda Ƙaramar Kwaleji Za Ta Riƙe Ɗalibanta Har Su Kammala Karatu

A ranar bikin yaye ɗalibai, shugaban kwaleji yakan miƙe ya sanar da adadin waɗanda suka kammala, jama'a su tafa, a watse. Abin da ba a faɗa a wurin shi ne mutum nawa ne suka shigo tare da waɗannan, kuma ina sauran suka shiga. Ga shi kuma kwalejoji da yawa sukan haɗa rukuni biyu ko uku a biki ɗaya, sai adadin ya kumbura. Matakan da ke tafe an tsara su ne domin ƙaramar kwaleji irin ta horar da malamai mai bayar da shaidar NCE a shekara uku, amma za su yi wa kwalejin kiwon lafiya ko ta fasaha amfani.

Mataki na farko shi ne a ƙirga ɗalibai rukuni-rukuni, da sunayensu da lambobin rajistarsu. Magatakardan kwaleji ya fitar da jerin waɗanda suka biya kuɗi suka yi rajista a shekarar farko, ba waɗanda aka bai wa gurbi ba, domin da yawa suna karɓar takarda amma ba sa zuwa. Wannan jerin a rufe shi, kada a ƙara masa kowa daga baya, ko wanda ya dawo daga wata makaranta, ko wanda ya maimaita aji.

Mataki na biyu shi ne lissafi, kuma ba ya bukatar abin da ya wuce kwamfuta ɗaya da manhajar Excel. A ɗauka mutum 400 ne suka yi rajista. Idan 340 suka dawo shekara ta biyu, kwalejin ta riƙe kashi 85 cikin ɗari. Idan 180 ne suka gama cikin shekara uku cif, ba tare da wani kwas ya maƙale musu ba, an yaye kashi 45 a kan lokaci. Idan bayan ƙarin shekara ɗaya adadin ya kai 260, ya zama kashi 65. Dole ne a rubuta alƙaluman yayewar biyu, wato kashi 45 da kashi 65, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke nuna yawan masu kari-oba, waɗanda ba su bar makaranta ba amma kuma ba su fita ba. A Amurka, dokar da aka yi a 1990 ta tilasta wa kwalejoji bayyana irin wannan adadi, kuma ma'aunin da suke amfani da shi shi ne wa'adin karatu da rabinsa, wato shekara shida ga digirin shekara huɗu. A wannan ma'auni, karatun shekara uku zai samu shekara huɗu da rabi. Sannan a rarraba lissafin sashe-sashe, maza daban mata daban, masu kwana a makaranta daban masu zuwa daga gida daban, domin jimilla takan ɓoye sashen da ke zubar da ɗalibai.

Mataki na uku, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne a nemi waɗanda suka tafi a ji ta bakinsu. A nan ƙaramar kwaleji ta fi babbar jami'a sa'a, domin mutum sittin da ba su dawo ba a misalin da ya gabata ana iya kiran su a waya cikin mako guda, wanda wayarsa ba ta shiga kuwa akwai ɗan garinsu a aji. Kada a ba shugaban sashe wannan aiki, domin ɗalibin da malami ne ya kore shi da wulaƙanci ba zai faɗa wa abokin aikin malamin ba. Idan aka tattara amsoshin za a ga ba duka ne asara ba. Wanda ya sake rubuta jarrabawar JAMB ya samu jami'a bai bar karatu ba, kuma ya kamata a ware masa layinsa. Wadda ta yi aure ko ta haihu ana tsakiyar zango, sau da yawa ba ta san cewa tana iya rubuta takardar jingine karatu ta dawo baɗi ba, sai kawai ta daina zuwa, jami'in jarrabawa ya jera mata faɗuwa a kowane kwas. Akwai wanda damina ta riƙe a gona, akwai kuma wanda kuɗin mota ya fi ƙarfinsa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Mataki na huɗu shi ne a sa ido a makonni shida na farkon zangon farko. Ɗalibi ba ranar da sunansa ya ɓace daga rajista yake barin makaranta ba. Ya daɗe da tafiya tun lokacin da ya koma bencin baya, ya daina miƙa aikin gida, ya fara tsayawa a bakin taga. Masanin ilimi ɗan Amurka Vincent Tinto ya yi bayani tun 1975 cewa ɗalibin da bai samu shiga cikin harkar karatu da zamantakewar makaranta ba shi ne ya fi saurin ficewa. Saboda haka kowane malami ya miƙa wa mai kula da aji sunan wanda ya yi fashi sau uku a jere ko ya faɗi gwajin farko, shi kuma ya neme shi kafin mako ya zagayo. Neman nan ba na faɗa ba ne. A zaunar da shi a tambaye shi inda yake kwana, da abin da yake ci, da ko yana fahimtar Turancin da ake koyarwa da shi, domin yaron da ya fito daga sakandaren ƙauye zai iya shafe wata biyu yana kwafar allo ba tare da ya gane komai ba, kunya kuma ta hana shi magana.

Mataki na biyar ya shafi kuɗi. Jami'ar Jihar Jojiya da ke Atlanta ta fara a 2011 biya wa ɗalibai ɗan ragowar bashin da ke sa a cire sunansu, bayan ta lura cewa ƙaramin kuɗi ne ke korar waɗanda suka kusa gamawa. Kwaleji za ta iya buɗe irin wannan asusu da gudummawar tsofaffin ɗalibai da masu hali na gari, ta kuma yarda a biya kuɗin rajista kashi biyu. Idan ta gwamnati ce, ɗalibanta suna da damar neman rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na bai wa ɗalibai rancen karatu, da aka buɗe a 2024, sai dai ba za su samu ba sai makarantar ta tura bayanansu, kuma ana bukatar lambar JAMB da NIN da BVN. Ya zama wajibi a ɗora wa ma'aikaci ɗaya wannan nauyi, ya zauna da ɗalibai su cike tare.

Mataki na shida shi ne kwaleji ta duba laifin kanta. A fitar da kwasa-kwasan da aka fi faɗuwa cikin shekara uku da suka wuce. Galibi ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma su ne ke tara masu kari-oba. A shirya musu darasin ƙari wanda ɗaliban ajin gaba za su jagoranta. A kuma sa wa malamai wa'adin miƙa sakamako, domin ɗalibin da bai ga sakamakon zangon farko ba sai yana shekara ta biyu ba shi da lokacin gyara. Haka batun sakamakon da ya ɓace, inda za ka ga ɗalibi riƙe da fayil yana zarya tsakanin sashe da ofishin jarrabawa wata da watanni a kan kwas ɗin da ya rubuta ya kuma sa hannu a takardar halarta. A ajiye waɗannan takardu a wuri guda, a kuma yanke cewa duk ƙorafi irin wannan za a warware shi cikin mako biyu.

Daga nan sai a maimaita lissafin mataki na biyu kowace shekara, bayan an rufe rajista, a gabatar da shi gaban majalisar malamai tare da na shekarar da ta gabata, kowane shugaban sashe ya yi bayanin nasa layin.